Wa ya cancanci kuɗin bincike bisa ƙurar Akokan?

 

Maganar yau, da jin sunanta wani zai ce ta malaman jami'a ce, ba ruwan talaka: sharuɗɗan da ake gindayawa kafin a ba mutum kuɗin yin binciken ilimi. Don Allah ku daure ku karanta har ƙasa, domin ƙarƙashinta akwai ruwan da muke sha da iskar da yaranmu ke shaƙa. Ra'ayina a taƙaice shi ne: sharuɗɗan nan mafi yawansu suna da dalili, amma an rubuta su ne don kare kuɗin mai bayarwa. Da wuya ka ga ɗaya da ke kare garin da za a yi binciken a kansa. Wannan giɓi mu ya kamata mu cike shi.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Ran 31 ga Maris 2021 COMINAK ta tsaida haƙa, bayan ta yi tun 1978 tana fidda yuraniyom daga ramin Akuta, mai zurfin mita 250. Tan wajen 75,000 ta fitar cikin shekara 43. Abin da ya rage muna shi ne tsibin sharar ma'adini mai nauyin tan wajen miliyon 20, shimfiɗe bisa fili na hekta 120, kilomita kaɗan daga gidajenmu. Tsarin da aka sanar lokacin rufewa shi ne a lulluɓe tsibin da laka da dutse mai kaurin mita 2. To amma cikin sharar akwai radiyom, wanda sai ya shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya ragu, kuma shi ke haifar da iskar radon, wadda ba ta da launi ba ta da wari, amma likitocin duniya sun tabbatar tana kawo kansar huhu.

Tambayoyin da ke bakin mutane, waɗanda masu kiran waya ke maimaita muna a rediyo, ba su da yawa. Murfin nan zai jure iskar hunturu da ambaliyar damina har tsawon shekara nawa? Ruwan ƙarƙashin ƙasa na Tarat, wanda garuruwan nan biyu suka dogara da shi, ina lafiyarsa a yau? Tsofaffin ƙarafan ma'aikata da suka shiga kasuwa aka yi ƙofofi da tukwane da su, ina suke? Tsohon lebura da ya bar aiki yana tari, ƙurar rami ce ko tsufa ne? Babu ɗaya cikin waɗannan da gardamar fada za ta amsa, ko an sha shayi har na uku. Sai an auna, an sake aunawa, shekara da shekaru. Aunawa kuwa kuɗi take ci.

Wa ya taɓa aunawa? Kamfanonin suna da nasu awo, hukumomin gwamnati na da nasu, malamanmu na Jami'ar Abdou Moumouni ma sun yi ƙoƙarinsu, har akwai cibiya guda a can mai suna Institut des Radio-Isotopes. Amma awon masu zaman kansu da duniya ta ji labarinsa guda biyu ne fitattu. A Disamba 2003 ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa ta zo, bisa gayyatar ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen. A Nuwamba 2009 Greenpeace ta zo, ta fidda rahotonta a 2010, inda ta ce huɗu cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗauka sun wuce iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da ita, ta kuma samu wurare cikin titunan Akokan da ƙarfin tururin ya ninka na al'ada sau ɗaruruwa. Kamfani ya musanta wasu abubuwa, ya kwashe ƙasar wasu wuraren. Ku lura da tsarin: baƙo ya zo da kuɗi da na'ura, ɗan gari ya nuna hanya, samfurin ya tafi ɗakin gwaji a Faransa. Mu dai namu rakiya.

Me ya hana ɗan garin nan ya nemi kuɗin da kansa? Kuɗin akwai su a duniya. Kowace shekara hukumomi na fidda sanarwa, mai so ya aika dosiye. Sai dai kafin wani ya karanta tunaninka, sai an duba ko ka cancanci shiga layin ma. A nan ake zubar da mafi yawa, tun ba a buɗe shafi na biyu ba. Bari mu bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya.

Na farko takarda. Kuɗin bincike na gaske, wanda za ka sayi na'ura da shi, yawanci sai mai doktora. A tsarin LMD da jami'o'inmu ke bi, bayan bak sai shekara 3 na lisans, 2 na masta, 3 na doktora. Shekara 8 ke nan bisa takarda, in babu yajin aiki, babu shekarar da ta lalace, babu jiran bursi. Wanda ya yi karatu a ƙasar nan ya san takwas ɗin nan sau da yawa goma sha wani abu take zama. Kuma yaron da ya ci bak a Arlit, jami'a mafi kusa da shi ita ce ta Agadas, wadda sai 2014 aka kafa ta, tafiyar kilomita wajen 240 bisa hanyar da kuka sani. Yamai kuwa kilomita 1,200 ce.

Na biyu gida. Mai ba da kuɗi ba ya zuba su aljihun mutum. Asusun jami'a ko na cibiyar bincike yake zubawa, sai shugaban wurin ya sa hannu cewa kai ma'aikacinsu ne, za su ba ka ɗaki da lokaci. Misali TWAS, cibiyar kimiyya ta ƙasashe masu tasowa da ke Trieste a Italiya, tana ba da tallafin sayen kayan gwaji, kuma Nijar na cikin ƙasashen da ake karɓa. Amma a sanarwar da ta saba fitarwa sai kana da doktora, kana kuma riƙe da muƙami a jami'a ko cibiyar bincike ta ƙasar. Saboda haka matashin da ya gama doktora yana koyarwa ana biyansa da awa, ba a ɗauke shi aiki ba tukuna, yana waje. Ƙungiyar farar hula tana waje. Malamin lise da ke da masta a kimiyya yana waje. A duk gundumar Arlit babu gidan da zai sa ma wannan takarda hannu.

Na uku shekaru. Ita TWAS ɗin tana tsaida iyaka a shekara 45 ga mai nema shi kaɗai. Hukumar DAAD ta Jamus, a yawancin bursinta, tana so kada takardarka ta ƙarshe ta wuce shekara 6 da samu. Manufar ita ce a taimaki matasa, ba laifi. To amma agogon wa aka ɗauka? Na ɗan Turai da ke gama doktora kafin ya cika 30. Namu ya shiga lakwal a makare, ya rasa shekara biyu ko uku a jami'a ba da laifinsa ba, ya yi bautar ƙasa, ya tsaya ya nemi abinci don ubansa na cikin waɗanda aka sallama a 2021 kuma ƙanne bakwai na kallonsa. Ranar da ya ɗago kai ya ce bari in koma karatu, sai a ce masa masta ɗinsa ta tsufa. Mace kuwa a ƙara mata shekarun haihuwa da goyo.

Na huɗu harshe. Mu da Faransanci aka koya muna lissafi da kimiyya, ƙofar da muka sani kuma ita ce ta Faransa. Tun bayan 26 ga Yuli 2023 wannan ƙofa ta ƙuntata: Faransa ta dakatar da tallafinta, ta tsaida ba da biza, ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairu 2024. Kowa da ra'ayinsa bisa siyasar, ba ita muke yi ba yau. Abin da ya shafi ɗalibi shi ne ƙofofin da suka rage yawancinsu da Ingilishi ake ƙwanƙwasa su. Ko shirin WASCAL na doktora bisa sauyin yanayi da makamashi, wanda Jamus ke tallafawa kuma a Yamai ake yinsa, da Ingilishi ake karatun. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. To lallai lise ɗinmu su ɗauki Ingilishin nan da gaske.

Na biyar, a nuna abin da ka taɓa bugawa a mujallun kimiyya. Nan ne abin ke zama kamar wasa: ba a ba ka kuɗi sai ka taɓa bugawa, ba ka bugawa sai ka yi bincike, ba ka bincike sai da kuɗi. Ga kuma ƙananan da ke kada mutum: wasiƙun shaida daga farfesoshi biyu, izinin kwamitin ɗa'a na Yamai in binciken ya taɓa lafiyar mutane, fasfo, da tura komai ta intanet kafin ƙarfe sha biyun dare agogon wata ƙasa, a garin da rezo ke ɗaukewa ba sallama.

Yanzu mu yi adalci. Wani zai ce a zubar da sharuɗɗan nan duka, kowa ya zo ya ɗiba. Ni ban yarda ba. Awon tururin yuraniyom ba a yinsa da ka. Na'urar da ba a daidaita ba za ta ba ka lamba, lambar ta shiga WhatsApp, kafin magariba gari ya rikice, ko kuma a kwantar ma mutane da hankali bisa ƙarya, wanda ya fi muni. Wanda zai ce ruwan rijiya kaza na da guba dole ya san yadda ake ɗaukar samfur, dole wani masani ya iya bin bayansa ya sake gwadawa. Kuɗin da aka zuba aljihun mutum ɗaya ba mai duba shi kuwa, mun san inda suke ƙarewa. Takarda da gida suna da amfaninsu.

Inda nake da ja shi ne abin da ba a rubuta ba. Ka duba irin waɗannan sanarwowi, za ka ga an tambayi shekarunka, takardarka, harshenka, lambar asusun jami'arka. Da wuya ka ga an tambaya: mutanen garin sun san da binciken? Wa cikinsu ke cikin tawagar? In an gama, wa zai koma ya faɗa masu abin da aka gano, da harshen da suke ji? Shi ya sa mutum zai zo ya ɗebi ƙasarmu cikin leda, ya yi ma tsofaffi tambayoyi, ya tafi ya samu ƙarin girma a CAMES ko a wata jami'a ta Turai, mu ko kwafi ɗaya ba mu gani ba. Alhali a garin nan akwai tsofaffin ma'aikata da suka yi shekara 20, 30 da dozimeta rataye a ɗamara. Waɗansu aikinsu ke nan, auna iskar rami da ɗaukar samfurin ruwa, da yawansu makarantar EMAIR ta Agadas ta horar da su. Sun san inda aka zuba me, a wace shekara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma a idon fom ba su cancanci ko dala ba, kuma kowace shekara muna kai wasu maƙabarta da abin da suka sani.

Ba mu da ikon sauya sanarwar Trieste ko ta Bon. Muna da ikon rubuta tamu. Tun dokar ma'adinai ta 2006 aka tanadi kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin jihar da aka haƙo su. A Yuni 2025 kuma gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Maƙwabtanmu na Najeriya suna da asusun TETFund, wanda doka ta kafa a 2011 da harajin ribar kamfanoni, malaman manyan makarantun gwamnati na neman kuɗin bincike daga ciki. Yana da nasa matsaloli, amma darasin a fili yake: kuɗin doka ne, ba kyautar kamfani ba da zai janye ran da sakamako bai yi masa daɗi ba. Kira nake ga magabatanmu na jiha, da masu riƙe da ƙaramar hukumar Arlit, da ma'aikatar ilimi mai zurfi: a ware wani kaso sananne, ko ƙarami ne, a kafa asusun binciken garuruwan yuraniyom, a ajiye shi ƙarƙashin Jami'ar Agadas.

In an kafa, ga sharuɗɗan da nake ganin sun dace da mu.

Jagoran bincike ya kasance mai doktora daga wata jami'ar ƙasa, wannan a bar shi. Amma a buɗe ƙaramar taga ga mai masta, ko malamin lise ne ko ma'aikacin likita, muddin akwai dokta da ya yarda ya kula da aikinsa.

Kada a ƙirga shekarun haihuwa. In dole sai an sa iyaka, a ƙirga daga ranar samun takarda, a cire ma mace shekarun goyo.

A karɓi dosiye da Faransanci ko Ingilishi, amma kowane ya zo da shafi ɗaya na bayani da Hausa da Tamajek. Wanda bai iya gaya ma kakarsa abin da zai bincika ba, bai gama tunani ba.

Kowace tawaga ta ƙunshi aƙalla mutum ɗaya mazaunin Arlit ko Akokan, tsohon ma'aikaci ko wakilin ƙungiya, da sunansa cikin kasafi, a biya shi, a kuma sa sunansa cikin rahoto.

Kashin ƙarshe na kuɗin kada ya fita sai mai binciken ya dawo garin nan ya tara jama'a ya faɗi abin da ya gano, ya amsa tambayoyi a rediyo, ya ajiye kwafin lambobinsa a Agadas don na baya ya ɗora.

Na ƙarshe, kuma shi ne babba: wanda ya ba da kuɗi ba shi da ikon hana fitar da sakamako. Shekara da shekaru jama'a na ƙorafin cewa mai haƙa shi ne mai awo, shi ne mai asibiti. Ko cibiyar sa ido bisa lafiya ta OSRA da aka kafa a 2011, kasancewar kamfani na cikin waɗanda suka kafa ta ya sa wasu ba su sake jiki da ita ba. To yanzu da ƙasa ce mai haƙa, ƙa'idar ba ta sauya ba. Radon ba ya tambayar wa ke da hannun jari. Kishin ƙasa na gaske shi ne gwamnati ta biya ɗan ƙasa ya auna, ya faɗi gaskiya ko da ɗaci, ya kwana gidansa lafiya.

Kafin wannan ya tabbata, matasa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙofofin waje na nan, ku shirya masu tun yanzu. Ku duba takardunku: sau nawa sunan mutum ke fitowa iri uku, ɗaya a takardar haihuwa, ɗaya a bak, ɗaya a fasfo? Wanda aka rubuta masa "né vers" ya je ya gyara tun sanarwa ba ta fito ba, don kwamfuta rana da wata take nema. Ku adana takardun makinku na kowace shekara, ku ɗauke su hoto mai kyau. Ku riƙe zumunci da malamin da ya kula da masta ɗinku, shi zai rubuta maku wasiƙar shaida. Ku roƙe shi ku mayar da kundin masta maƙala ɗaya a buga, ita ce za ta fidda ku daga wancan zagaye. Ku ba Ingilishi rabin awa kullum, wayar da kuke kallon ƙwallo da ita ta isa. Kuma ku karanta sharuɗɗa kafin ku fara rubutu, kada ku ɓata wata biyu bisa dosiyen da layin farko ya riga ya fidda ku.

Ga inda za ku fara dubawa. Shirin RSIF, wanda cibiyar icipe ta Nairobi ke gudanarwa, yana ba 'yan Afirka kudu da Sahara masu masta bursin doktora, kuma ma'adinai da haƙa na cikin fannoninsa, haka ma makamashi da sauyin yanayi. Jami'ar Bayero ta Kano na cikin masu karɓar ɗalibansa. 'Yan mata kuwa, kuna da ƙofofin da maza ba su da su. Ƙungiyar OWSD na ba mata masu masta a kimiyya bursin doktora, tana kuma ba wadda ta gama doktora cikin shekara 10 da suka wuce, tana aiki a jami'a, tallafin da ya kai dalar Amurka 50,000, abin da ya tasam ma miliyon 30 na sefa. Hukumar nukiliya ta duniya AIEA ta buɗe shirin Marie Curie a 2020 don matan da ke masta a fannin nukiliya. Sharuɗɗa kan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka kullum sanarwar bana za ku bi. Iyaye, yarinyar da ke seri C ko D a lise yau, ita ce ta fi kowa kusa da waɗannan kuɗi. Ku bar ta ta gama.

Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, bisa ranar ƙasar nan ya yi bincikensa, abin da kowa ke gani kullum yana kuka da zafinsa. Mu namu abin binciken yana bayan gari, tan miliyon 20, kuma zai daɗe fiye da jikokin jikokinmu. Wani zai yi ta aunawa har tsawon wannan lokaci. Abin da ya rage mu yanke shi ne ko ɗiyanmu za su riƙe na'urar, ko za su ci gaba da riƙe ma baƙo jaka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan magabatanmu da suka shiga rami don mu ci abinci, ya ba shugabanni ikon jin shawara. Sai mun haɗu a shiri na gaba.